Finafinan Tarihin Rayuwar Mawaƙa: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya shekara ta fita yanzu ba a saki fim a kan rayuwar wani shahararren mawaƙi ba. Duk wanda ya fito kuma, tambayoyin da ke biyo bayansa ba sa canzawa: da gaske haka aka yi? Muryar wa muke ji? Me ya sa aka tsallake kaza? Na tattaro waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da masu sauƙi kafin masu nauyi.

Wane fim ake kira fim ɗin tarihin rayuwar mawaƙi?

Shi ne fim ɗin da aka ɗauko mawaƙin da ya rayu da gaske, da sunansa da waƙoƙinsa, aka rubuta labarinsa, aka sa wani jarumi ya fito a matsayinsa. Misali Ray na 2004, inda Jamie Foxx ya fito a Ray Charles, ko Bohemian Rhapsody na 2018 a kan Freddie Mercury da ƙungiyar Queen, ko Elvis na 2022, ko Bob Marley: One Love na 2024. Abin ya daɗe. Tun 1943 Indiyawa suka yi Tansen, a kan mawaƙin fadar Sarki Akbar, K. L. Saigal ya ja fim ɗin.

Akwai kuma waɗanda suka tsaya a bakin iyaka, aka ɗebo daga rayuwar mawaƙi amma aka canza suna aka ƙirƙiri labari. Gully Boy na 2019 irin wannan ne, daga rayuwar mawaƙan gambarar zamani biyu na Mumbai, Divine da Naezy, aka ɗebo shi. Irin waɗannan ba a tuhumarsu da ƙarya, don tun farko ba su ce tarihi suke bayarwa ba.

Mene ne bambancinsa da dokumantari?

A dokumantari mawaƙin kansa kake gani, cikin tsofaffin hotuna da bidiyo, da hira da waɗanda suka zauna da shi. A fim ɗin tarihin rayuwa kuwa komai shiri ne: jarumi ne, sutura ce aka ɗinka, maganar da ke fita daga bakinsa marubuci ne ya rubuta ta. Wasu mawaƙan sun samu duka biyun. Amy Winehouse tana da Amy na 2015, wanda Asif Kapadia ya haɗa har ya ci Oscar, babbar lambar yabon finafinai ta Amurka, sannan aka yi mata Back to Black a 2024. Bob Marley yana da Marley na 2012 kafin One Love.

Kada dai a ɗauka dokumantari ba ya ɗaukar ɓangare. Mai haɗa shi shi ke zaɓar abin da zai shiga da abin da zai bari a ƙasa. Mahaifin Amy ya fito fili ya soki na 2015, ya ce an shafa masa baƙin fenti.

Me ya sa suka yi yawa haka a 'yan shekarun nan?

Ruwa ba ya tsami banza. An kashe kimanin dala miliyan 50 da 'yan kai a kan Bohemian Rhapsody, ya dawo da sama da dala miliyan 900, ya kuma ci Oscar huɗu. Tun daga nan kowane kamfani ya shiga laluben mawaƙin da zai yi wa fim. Fim irin wannan yana zuwa da 'yan kallonsa a hannu, don masoyan mawaƙin sun riga sun haddace waƙoƙin, ba sai an sha wahalar tallata musu ba.

Ribar ba a sinima ta tsaya ba. A watan Disambar 2018, makonni bayan fitar fim ɗin, aka sanar cewa waƙar da ya ci sunanta, wadda ta fito tun 1975, ta zama waƙar ƙarni na 20 da aka fi saurare a intanet. Yaran da ba a haifa ba lokacin da Freddie ya mutu a 1991 su ne suka koma suna neman waƙoƙinsa. Ga masu riƙe da haƙƙin waƙoƙi, fim ɗin talla ne na awa biyu, wanda ɗan kallo ke biyan kuɗi ya shiga ya gani. Wannan yana da alaƙa da irin gaskiyar da ake nunawa, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi izini.

Abin da ake nunawa gaskiya ne?

Ƙashin bayan labarin yawanci gaskiya ne: an haife shi a wuri kaza, ya yi waƙa kaza, ya mutu shekara kaza. Tsokar da aka lulluɓa a kai ce ke da ƙarin gishiri, kuma sau da yawa wurin da ya fi sa ka hawaye shi ne wanda aka fi taɓawa.

Ɗauki Bohemian Rhapsody. Ya nuna Freddie ya rabu da abokansa don ya yi waƙa shi kaɗai, ya dawo ya ba su haƙuri, ya shaida musu yana ɗauke da ƙanjamau, sannan suka hau dandamalin Live Aid, babban wasan tara kuɗin agaji, ranar 13 ga Yulin 1985 kamar waɗanda suka shekara da shekaru ba su haɗu ba. Queen ba ta watse ba. A 1984 suka fitar da kundin The Works, suka yi ta yawon wasa da shi har watan Mayun 1985, wata biyu kafin Live Aid. Mai ganga, Roger Taylor, ya ma riga Freddie fitar da kundin kansa tun 1981. Cutar kuwa, abokin zamansa Jim Hutton ya ce a 1987 aka tabbatar da ita. An jawo ta baya da shekara biyu ne kawai don wasan ƙarshe ya yi nauyi a zuciyar mai kallo.

A Ray an ce jihar Georgia ta haramta wa Ray Charles yin wasa a cikinta har abada, saboda ya ƙi yin waƙa a zauren da aka raba baƙaƙe da farare. Ƙin wasan ya faru, a garin Augusta a 1961, an kuma ci shi tara don saɓa yarjejeniya. Haka ma gaskiya ne jihar ta ɗauki waƙarsa a matsayin takenta a 1979. Haramcin ne ƙirƙira. Babban yayansu duka shi ne Amadeus na 1984, mai Oscar takwas, wanda ya sa duniya ta ɗauka hassadar Antonio Salieri ce ta kai shahararren mai tsara kiɗa Mozart kabari a 1791. Babu hujjar haka. Salieri malamin kiɗa ne da ake girmamawa a Vienna, ya koyar da Beethoven da Schubert, har ɗan Mozart ɗin ya yi karatu a hannunsa.

To me ya hana su faɗi abu yadda ya faru?

Rayuwar shekara 40 ko 70 ba ta shiga awa biyu sai an matse ta. Marubuci yakan haɗa mutum uku ya mai da su ɗaya, ya ɗauki abin da ya faru cikin shekara biyar ya zuba shi a dare guda, ya ƙirƙiri mugu in labarin ba shi da mugu. Shugaban kamfanin faifan da ya raina waƙar Queen a Bohemian Rhapsody, mai suna Ray Foster, babu shi a duniya. A A Complete Unknown na 2024 an canza sunan budurwar Bob Dylan ta farkon zuwansa New York, Suze Rotolo, ta koma Sylvie Russo, kuma Dylan ɗin ne ya nemi a yi haka.

Ni dai ba na jin haushin irin wannan matsi, dole ce ta sana'a. Wanda ke damuna shi ne canjin da ke wanke wani ko ya ɗora wa wani laifin da bai yi ba, musamman wanda ya mutu ba shi da bakin kare kansa.

Dole ne sai an nemi izinin mawaƙin ko iyalinsa?

A dokar Amurka, inda aka fi yin irin waɗannan finafinan, ba dole ba ne ka nemi izinin fitaccen mutum kafin ka ba da labarinsa, kuma ba a shigar da ƙarar ɓata suna a madadin mamaci. In labari ne kawai, kowa na iya ɗauka. Inda gizo ke saƙa shi ne waƙoƙin.

Kowace waƙa tana da haƙƙi biyu. Na farko haƙƙin waƙar kanta, baitukanta da karinta, wanda ke hannun wanda ya tsara ta ko kamfanin da ya sayar wa. Na biyu haƙƙin faifan da aka naɗa, wato ainihin muryar da kiɗan da aka ɗauka a situdiyo, wanda galibi ke hannun kamfanin faifai. In jarumi zai rera da bakinsa, na farko ake buƙata. In muryar mawaƙin za a sa, sai an samu duka biyun. Ray ya nuna wannan da kyau, a wurin da Ray Charles ya bar kamfanin Atlantic ya koma ABC-Paramount bisa sharaɗin faifansa za su zama mallakarsa, abin da ba a saba ba wa mawaƙi ba a lokacin.

Saboda haka duk mai son yin fim ɗin Marley ko Elvis da waƙoƙinsu a ciki, sai ya durƙusa gaban magada. Su kuma ba sa ba da waƙa hannu sake. Sukan nemi ganin rubutun labarin, su sa baki a zaɓen jarumi, wani lokaci su zama furodusoshi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

In magada suka ƙi fa?

Sai a yi fim ɗin mawaƙi babu waƙarsa, kamar tuwo ba miya. An yi Jimi: All Is by My Side a 2013, André Benjamin ya fito a Jimi Hendrix, ba a ji waƙa ko ɗaya da Hendrix ya tsara ba, sai waƙoƙin wasu da yakan kaɗa a Landan kafin ya yi suna. An yi Stardust a 2020 a kan tafiyar David Bowie ta farko zuwa Amurka a 1971. Tun kafin a fara ɗauka ɗansa Duncan Jones ya sanar cewa iyali ba sa ciki kuma ba su ba da waƙa ba. Dukansu biyu ba su yi kasuwa ba.

Wani lokaci kuma hanin kan zama alheri. Masu kula da dukiyar Elvis sun hana Sofia Coppola waƙoƙinsa a Priscilla na 2023, wanda ta gina a kan littafin da tsohuwar matarsa Priscilla ta fitar a 1985. Tunda ba ta ci ladansu ba, ta tsaya sosai a kan abin da Elvis na 2022 ya wuce da sauri: Priscilla tana da shekara 14, shi yana da 24, lokacin da suka haɗu a Jamus a 1959, da irin kaɗaicin da ta sha a gidansa na Graceland.

Ai in iyali suna ciki, fim ɗin zai fi zama gaskiya, ko?

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba kullum ta fi cika ba. Iyali suna kawo abin da baƙo ba zai samu ba: yadda mutumin yake dariya, abin da yake ci, wanda yake kira in ransa ya ɓaci. Su ne kuma suka fi kowa dalilin rufa masa asiri.

A One Love, matar Marley Rita da 'ya'yansa Ziggy da Cedella na cikin furodusoshinsa. Ya tsaya ne a kan shekara biyu: daren 3 ga Disambar 1976 da 'yan bindiga suka shiga gidansa na lamba 56 Hope Road a Kingston suka harbe shi a hannu, suka harbi Rita a ka, suka ji wa manajansa Don Taylor mummunan rauni, hawansa dandamalin Smile Jamaica bayan kwana biyu da raunin a jikinsa, gudun hijirarsa Landan inda ya naɗi kundin Exodus a 1977, da komawarsa gida wasan sulhu na Afrilun 1978, inda ya haɗa hannun manyan abokan hamayyar siyasar Jamaika, Michael Manley da Edward Seaga. Duk wannan ya faru. Amma 'ya'yan da ya haifa da wasu mata, da Cindy Breakspeare uwar ɗansa Damian, da rabuwarsa da abokan waƙarsa Peter Tosh da Bunny Wailer, duk an shafa su sama-sama an wuce.

Straight Outta Compton na 2015 ya fi wannan muni. Dr. Dre da Ice Cube, biyu daga cikin mawaƙan gambarar da fim ɗin ke ba da labarinsu, na cikin furodusoshi, fim ɗin kuma bai ambaci dukan da Dre ya yi wa 'yar jarida Dee Barnes a 1991 ba. Sai da ita da wasu mata suka yi magana, sannan ya fitar da takardar neman afuwa. A Bohemian Rhapsody ma, Sacha Baron Cohen aka fara ɗauka ya fito a Freddie, ya fice a 2013 saboda saɓani da sauran 'yan Queen kan yadda za a nuna rayuwar mutumin.

Jaruman ne ke rera waƙoƙin da bakinsu?

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya da na Kannywood ba baƙo ba ne a nan: mawaƙi ya rera a situdiyo, jarumi ya hau waƙar yana motsa baki. Hanya ta farko ke nan, kuma da ita aka ci manyan lambobi. Akasarin abin da kake ji a Ray muryar Ray Charles ce, ko da yake Jamie Foxx ya iya fiyano da gaske. Marion Cotillard ta ci Oscar a La Vie en Rose na 2007 tana bin muryar Édith Piaf. A What's Love Got to Do with It na 1993, Tina Turner da kanta ta sake naɗar waƙoƙinta, Angela Bassett ta hau.

Hanya ta biyu, jarumi ya rera da kansa. Joaquin Phoenix da Reese Witherspoon sun yi haka a Walk the Line na 2005, Taron Egerton a Rocketman na 2019, Timothée Chalamet a fim ɗin Dylan. Jennifer Hudson, wadda Aretha Franklin ta zaɓa da bakinta ta fito a matsayinta kafin ta rasu a 2018, dama mawaƙiya ce. Ta uku gauraye ne da na'ura. A Bohemian Rhapsody an cakuɗa muryar Freddie da ta Rami Malek da ta wani mawaƙi ɗan Kanada, Marc Martel. A Elvis, Austin Butler ne ya rera waƙoƙin ƙuruciya, na shekarun ƙarshe kuma aka haɗa muryarsa da ta Elvis.

Dole ne jarumin ya yi kama da mawaƙin?

Kama da wane ba ta wane. Kingsley Ben-Adir ya fi Marley tsawo nesa ba kusa ba, kuma ɗan Landan ne, sai da ya zauna ya koyi harshen Jamaika. Abin da ke kama ɗan kallo shi ne tsayuwa, da tafiya, da yadda ake riƙe makirfo. Malek ya sa haƙoran roba irin na Freddie, amma aikin da ya fi yawa ya yi shi ne da mai koyar da motsin jiki, Polly Bennett, wadda ita ce kuma ta horar da Austin Butler. Jamie Foxx kuwa manne masa fatar ido ake yi, ya yini bai ga komai ba, don ya ɗanɗani makantar da Ray Charles ya rayu a cikinta tun yana ɗan shekara bakwai.

Inda neman kama ya zama abin kunya shi ne Nina na 2016. Aka ɗauko Zoe Saldaña, aka shafa mata abin da ya ƙara mata duhun fata, aka liƙa mata hancin roba, don ta fito a Nina Simone, matar da ta ƙare rayuwarta tana faɗa da masu raina baƙar fata da faɗin hanci. A 2020 Saldaña ta ba da haƙuri, ta ce bai kamata ta karɓi aikin ba. Wasu daraktocin kuma sun watsar da batun kama gaba ɗaya. A I'm Not There na 2007 mutum shida suka fito a Dylan, har da mace, Cate Blanchett. A Better Man na 2024, biri aka zana da kwamfuta ya tsaya a matsayin Robbie Williams.

Yaya ake sake shirya manyan wasanni kamar Live Aid?

An rushe tsohon filin Wembley, inda Queen suka yi wasan, tun farkon shekarun 2000, don haka a wani tsohon filin jirgin sama mai suna Bovingdon aka sake gina dandamalin. An tara 'yan ɗaruruwan mutane, kwamfuta ta ninka su suka cika fili. Kuma da wannan fitowar aka fara ɗaukar fim ɗin.

Na taɓa zama da ƙanena bayan mun gama kallo, ya ɗora wayarsa kusa da talabijin, ya kunna ainihin bidiyon 1985, muna gwadawa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Farar singileti, wandon jins, abin hannu mai ƙusoshi a damtse, sandar makirfo da aka cire mata gindi, har kofunan Pepsi da ke jere a kan fiyano, duk suna nan inda suke. Ya juyo ya ce, “Yaya, wanda ya tsaya ya ƙirga kofuna ai ba zai yi ƙarya a sauran ba.” Nan ne tarkon yake. Wannan fim ɗin da ya ƙirga kofuna shi ne ya matsar da cutar mutum da shekara biyu, kamar yadda na faɗa a amsar da ta shafi gaskiya.

Me ya sa duk labarinsu kamar ɗaya?

Yaro ɗan talakawa, wani rauni tun ƙuruciya, uba mai tsanani, ranar da aka gano baiwarsa, ɗaukaka, mata da ƙwaya, manaja maciyi amana, faɗuwa, sannan babban wasan dawowa. Ray da Walk the Line sun fito shekara ɗaya tsakani, kuma dukansu a kan mutuwar ɗan'uwa aka gina su: ƙanen Ray ya nutse a bahon wanki a gabansa, wan Johnny Cash kuma injin yanka katako ya kashe shi a 1944. Duka biyun sun faru da gaske, sai dai kamannin ya yi yawa har aka yi Walk Hard a 2007 don kawai a yi wa salon shaƙiyanci.

Wani ɓangaren laifin na sana'ar waƙa ne, don manajoji irin Kanar Tom Parker, wanda ya kai yana karɓar rabin abin da Elvis ke samu, ba ƙirƙirarsu aka yi ba. Sauran kuma lalacin marubuta ne. Shi ya sa na baya-bayan nan suka koma yankar gutsure: One Love shekara biyu, fim ɗin Dylan daga 1961 zuwa wasan Newport na 1965.

Amurka da Ingila ne kaɗai ke yin su?

A'a. Masarawa sun yi wa Ummu Kulsum fim mai dogon zango a 1999, Sabrin ta fito a matsayinta. Halim na 2006, a kan Abdulhalim Hafiz, yana da nasa labarin mai ban tausayi: jarumin, Ahmed Zaki, ya rasu a 2005 ba a gama ɗauka ba, ɗansa Haitham ya ƙarasa. Daga Indiya akwai Amar Singh Chamkila na 2024, na darakta Imtiaz Ali, a kan mawaƙin Punjab da aka harbe tare da matarsa Amarjot ranar 8 ga Maris 1988, yana da shekara 27. Diljit Dosanjh da Parineeti Chopra su suka rera waƙoƙin da bakinsu, abin da ba a saba gani a finafinan ƙasar ba. Fim ɗin bai ɓoye cewa waƙoƙin mutumin cike suke da batsa ba, kuma masu tsine masa da rana suna cikin masu sayen kaset ɗinsa.

A Najeriya fa?

Wanda ya fi fice shi ne Ayinla na 2021, na Tunde Kelani, a kan Ayinla Omowura, mawaƙin apala na Abeokuta da manajansa ya kashe a wata rigima a mashaya a 1980. Lateef Adedimeji ne ya fito a matsayinsa. Da Yarbanci aka yi shi, a garin aka ɗauka, kuma Kelani a Abeokuta ya tashi, ya san unguwannin da yake nunawa. Bai mai da Ayinla waliyyi ba: ga baiwa, ga zafin zuciya, ga neman faɗa.

Fela Kuti, wanda ya rasu a 1997, ta dandamali labarinsa ya fara zagaya duniya. Wasan Fela! ya hau Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta New York, a 2009, ya ci lambobin yabon wasan dandamali na Tony uku, aka kawo shi Legas a 2011, sannan Alex Gibney ya yi dokumantarin Finding Fela a 2014. An taɓa sanar da cewa Steve McQueen zai yi masa fim, Chiwetel Ejiofor ya fito a Fela, maganar ta bi ruwa.

Zan iya kallon su tare da yara?

Yawancinsu a'a, ko kuma sai babba ya fara kalla shi kaɗai. Ray yana nuna allurar ƙwaya ƙarara. One Love hayaƙin wiwi ne daga farko har ƙarshe. Fim ɗin Tina Turner cike yake da dukan mace. Bohemian Rhapsody da Rocketman suna nuna mu'amalar mawaƙan da 'yan'uwansu maza, na biyun ma a fili, har Rasha ta yanke wasu wurare, Samoa ta hana shi baki ɗaya. Dubi alamar da ke jikin fim ɗin: R na manya ne, PG-13 ma ba ta nufin ya dace da tarbiyyar gidanka, ma'aunin Amurkawa ne.

Da wanne ya kamata in fara?

In aikin jarumi kake son gani, Ray. In kiɗa da armashi, Bohemian Rhapsody, amma ka karanta amsar da ta shafi gaskiya tukuna. In fim mai kyau kake nema ko da tarihinsa ya karkace, Amadeus ya fi su duka a wurina. Mai son Marley ya fara da dokumantarin 2012, sannan One Love, ya kuma kunna fassarar rubutu a ƙasa, don Turancin Jamaika ba ya jiyuwa da sauƙi.

In za a yi wa Shata ko Ɗan Maraya irin wannan fim, me zai fi wuya?

Labari dai ba a rasa shi ba. Mamman Shata, ɗan Musawa, ya shafe sama da shekara 50 yana waƙa da kalangu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura. Ɗan Maraya Jos, da kuntiginsa shi kaɗai ba 'yan amshi, ya rasu a 2015. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa fim mai dogon zango.

Matsalolin da ke sama duk za su taso, da ƙarin namu. Haƙƙin waƙoƙin sai an bi diddigi, don wasu a kamfanonin faifai aka naɗe su, wasu a gidajen rediyo, wasu a wurin biki wani ya ɗauka da rikodarsa. Batun murya ba ya buƙatar dogon tunani: babu jarumin da zai rera Bakandamiya Bahaushe ya yarda, dole a sa muryar mai ita, a nemi wanda ya iya tsayuwarsa da yadda yake juyawa ya dubi makaɗa. Mafi wuya shi ne abin da na faɗa a amsar da ta shafi iyali. Shata ya yi waƙar shan ruwa bai ɓoye ba, ya yi habaici da zambo ga mutanen da aka san su, ya wasa sarakuna da attajirai da sunayensu. 'Ya'ya da jikokin waɗanda ya wasa da waɗanda ya zamba duk suna nan da ransu, wasunsu ma su ne masu kuɗin da furodusa zai je nema.